Man Mota Daga Karan Masara: Abin Da Amurka Ta Koya Da Kuɗin Jama'a

Duk manomin da yake da injin ban-ruwa a fadama, da mai injin niƙa a ƙauye, da mai babur, sun san abin da ya faru ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Tun daga lokacin ake jin wata tambaya a bakin manoma: "Ashe ba an ce Turawa suna yin man mota da kara da ciyawa ba? Mu da kara yake zube a gonakinmu, me ya hana a yi mana haka?"

Tambayar tana da kyau, ta kuma cancanci amsa ta gaskiya. Ƙasar da ta fi kashe kuɗi a kan wannan aiki ita ce Amurka. Gwamnatinta ta ɗebi kuɗin harajin jama'a, ta ba masana da kamfanoni domin su gano yadda za a mai da karan masara ya zama mai. An gina manyan matatu, an buɗe su da biki, sa'an nan aka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata mu san yadda abin ya tafi, gama a cikin labarin akwai abin da ya shafi gonar kowane ɗayanmu.

Mafarin Al'amari

A cikin 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka da man fetur saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa wajen dala 3 ta haura zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai. Daga nan Gwamnatin Amurka ta shiga neman abin da zai maye gurbin fetur. A 1977 ta buɗe wata cibiyar bincike a garin Golden na jihar Kolorado, ɗaya daga cikin ayyukanta kuwa shi ne neman mai daga tsire-tsire.

Man da aka fi sa wa ido shi ne etanol. Etanol ba wani baƙon abu ba ne. Shi ne ƙarfin da yake cikin giya da burkutu, sai dai an tace shi har ya zama kusan ba ruwa a cikinsa. Yana cin wuta sarai, ana kuwa iya gauraya shi da fetur, misali kashi 10 cikin 100, mota ta sha ba tare da an canza mata kome ba.

Hanya mafi sauƙi ta samun etanol ita ce daga ƙwayar hatsi ko daga ruwan rake. Amurka ta bi hanyar masara, ta kuwa yi nisa. A 2023 ta yi fiye da galan miliyan dubu 15, watau biliyan 15, abin da ya cinye kimanin sulusin masarar da ƙasar ta noma. Amma wannan hanya ta jawo gardama. A watan Janairu 2007 mutanen Meksiko suka fita zanga-zanga saboda tsadar gurasar masara da suke ci kullum, a 2008 kuma abinci ya yi tsada a duniya duka. Mutane da yawa suka ce bai kamata a ba mota abin da ɗan Adam zai ci ba. Shi ya sa hankalin masana ya koma kan abin da ya saura a gona bayan girbi, watau kara da ganye da totuwa da ɓawo. Suka ce in an yi mai da waɗannan, mutum ya ci ƙwaya, mota ta sha kara, ba wanda ya yi asara.

Yadda Kara Yake Zama Mai

Mai karatu zai ce, ina zaƙi a cikin busasshen kara? Akwai shi, amma a ɗaure yake. Fiye da sulusin busasshen karan masara wani zare ne da masana suke kira selulos, shi kuwa sukari ne da aka harhaɗa kamar sarƙa. Kusa da shi akwai wani zaren mai wani irin sukari dabam. Dukansu biyu an lulluɓe su da wani abu mai tauri da ake kira liginin, shi ne yake sa kara ya tsaya a miƙe, iska ba ta kayar da shi ba. Saniya tana rayuwa da kara a lokacin rani domin a cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu kwance wannan sarƙa. Gara ma haka take yi da ginshiƙin rumbu. Abin da masana suke nema shi ne su yi aikin tumbin saniya a cikin tukunyar ƙarfe, da sauri, da araha.

Ga yadda aikin yake tafiya a matata:

Da fari, a tattaro kara, a sassare shi ƙanana.

Na biyu, a dafa shi da tururi mai tsananin zafi, sau da yawa tare da ɗan asid ko wani magani, domin rigar liginin ta fashe.

Na uku, a zuba masa enzayim. Wannan shi ne sinadarin da yake yanka sarƙar ta koma sukari. Masu dafa burkutu suna amfani da irinsa ba tare da sun san sunansa ba, gama sa'ad da aka jiƙa dawa ta yi tsiro, enzayim ne yake fitowa ya mai da garin ƙwayar ya zama zaƙi. Sai dai enzayim na kara ya fi na ƙwaya wuyar samu nesa ba kusa ba.

Na huɗu, a sa yisti ya ci sukarin, ya fid da etanol.

Na biyar, a tafasa ruwan, a kama tururin etanol, a sanyaya shi. Liginin da ya saura a ƙona shi a tafasa ruwan matata da shi.

Enzayim ɗin kara yana da labari mai ban mamaki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da suke tsibiran Solomon suka ga tantunansu da tufafinsu na auduga suna ruɓewa da sauri. Aka gano wata funfuna ce take cin zaren. Aka kai ta ɗakin binciken soja a garin Natick, inda masana biyu, Elwyn Reese da Mary Mandels, suka yi shekaru suna nazarinta. An sa wa funfunar sunan Reese, jikokinta ne kuma kamfanoni suka riƙa kiwo a manyan tankuna domin samun enzayim. Watau tun daga tushe, kuɗin Gwamnati ne ya haifi wannan sana'a.

Don Me Gwamnati Ta Sa Kuɗinta?

Ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a cikin abin da ba a taɓa gwadawa ba, banki kuma ba ya ba da rance a kan matatar da babu irinta a duniya. In Gwamnati ba ta ɗauki kasadar farko ba, ba wanda zai ɗauka. Gwamnatin Amurka ta taimaka ta hanya huɗu.

Hanya ta ɗaya, kuɗin bincike. Daga shekarar 2000 Ma'aikatar Makamashi ta ba kamfanoni biyu masu yin enzayim, Genencor da Novozymes, kwangila su yi aiki tare da cibiyar Kolorado domin rage tsadarsa. A 2007 kuma ta kafa cibiyoyin bincike uku, a jihohin Tenesi da Wiskonsin da Kalifoniya, aka ware wa kowace dala miliyan 125 na shekara biyar.

Hanya ta biyu, gudummawar gini. A watan Fabrairu 2007 Ministan Makamashi, Samuel Bodman, ya sanar da cewa za a ba kamfanoni shida har dala miliyan 385 su gina matatu, da sharaɗin kowane kamfani zai kawo mafi yawan kuɗin daga aljihunsa. In an haɗa da na kamfanonin, jimlar ta wuce dala biliyan 1.2.

Hanya ta uku, tsayawa a banki. Gwamnati ta tsaya wa waɗansu kamfanoni, watau in sun kasa biyan rance ita za ta biya.

Hanya ta huɗu, doka. A watan Disamba 2007 aka kafa doka wadda ta ce kafin ƙarshen 2022 sai an riƙa gauraya galan biliyan 36 na man tsiro a cikin man ƙasar kowace shekara, biliyan 16 daga ciki kuwa ya fito daga kara da ciyawa da itace.

Abin Da Ya Sami Matatun

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga cikin kamfanoni shida na 2007, biyu sun janye tun 2008, ɗaya kuma bai kai ga kammala gini ba. Na huɗu, Range Fuels, ya gina matata a jihar Jojiya domin yin mai da gutsattsarin itace. Aka rufe ta a farkon 2011, daga baya aka sayar da wurin a kan kuɗin da ya ɗan wuce dala miliyan 5, alhali kuwa Gwamnati ta riga ta zuba miliyoyi da dama a ciki.

Saura biyu suka kai ga buɗewa. Ran 3 ga Satumba 2014 aka buɗe matatar kamfanin POET da abokin haɗin gwiwarsa DSM na ƙasar Holan, a garin Emmetsburg na jihar Ayowa. Sarkin Holan, Willem-Alexander, da kansa ya halarci bikin. An kashe wajen dala miliyan 275, kusan miliyan 100 daga ciki na Gwamnatin Tarayyar Amurka ne. An shirya ta riƙa yin galan miliyan 20 a shekara, watau wajen lita miliyan 76. Wata guda bayan haka kamfanin Abengoa na ƙasar Sifen ya buɗe tasa a garin Hugoton na jihar Kansas, mai galan miliyan 25. A watan Oktoba 2015 kamfanin DuPont, wanda ba ya cikin shidan nan amma ya ci moriyar binciken cibiyar Kolorado da taimakon jihar Ayowa, ya buɗe wadda ta fi su girma, mai galan miliyan 30, a wani ƙaramin gari da ake kira Nevada a jihar Ayowa.

Ba ɗaya daga cikin ukun da ta daɗe. Ta Hugoton ta tsaya a ƙarshen 2015 sa'ad da bashi ya karya uwar kamfanin a Sifen, aka sayar da ita a 2016. DuPont ya rufe tasa a watan Nuwamba 2017. POET ya fi su jimrewa, amma a watan Nuwamba 2019 shi ma ya daina yin man sayarwa. Da 2022 ta zo, maimakon galan biliyan 16 da doka ta sa rai, abin da aka samu bai kai biliyan 1 ba, mafi yawansa ma iskar gas ce da aka tara daga juji da kashin shanu.

Inda Gizo Yake Saƙa

Dalilan faɗuwar suna da yawa. Gangar ɗanyen mai da ta wuce dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗi ƙasa da dala 30 a farkon 2016, daidai lokacin da matatun suke rarrafe, ba wanda zai sayi mai tsada alhali ga mai araha. POET kuma ya yi kukan cewa hukuma ta riƙa yafe wa ƙananan matatun fetur sharaɗin gaurayawa, kasuwa ta lalace. Amma akwai wani dalili wanda kowane manomi zai gane tun kafin a gama faɗa masa, shi ne karan kansa.

Bari mu yi lissafi da matatar Emmetsburg. Tana bukatar tan 770 na busasshen kara kowace rana, wajen tan 285,000 a shekara. A ce kowace babbar mota tana ɗaukar tan 20, sai mota kusan 40 su shiga ƙofa kullum, rani da damina. An kuma shirya a ɗebi tan ɗaya kaɗai daga kowace eka, watau ana bukatar gonaki eka 285,000. Ta DuPont tana neman tan 375,000 daga manoma wajen 500. Kara kuwa kaya ne mai cika wuri ba nauyi, in tafiya ta yi nisa kuɗin mota ya cinye ribar.

Sa'an nan ga lokaci. Matata tana ci kwana 365, amma kara yana samuwa ne cikin 'yan makonni na Oktoba da Nuwamba, tsakanin girbi da saukar ƙanƙara, daidai lokacin da manomi ya fi kowa aiki. Dole a ɗaure na shekara guda cikin waɗannan makonni, a jibge shi a fili. In ruwa ya taɓa shi ya ruɓe, in ya bushe ƙwarai wuta ta kama. An yi gobara a wuraren ajiyar damman kara a Kansas da Ayowa, wadda in ta kama sai ta yi kwanaki tana ci.

Na ƙarshe kuma, datti. A ɗakin bincike masana suna aiki da kara mai tsabta, wanda aka auna a sikeli. Karan da injin ya sharo daga gona kuwa yana zuwa da ƙasa da yashi da tsakuwa, wani damin jiƙaƙƙe, wani busasshe. Yashi ya riƙa cin ƙarfe, zaren kara ya riƙa toshe bututu, aka dinga tsai da injuna ana gyara. Matar da ta taɓa kai hatsi mai tsakuwa injin niƙa ta san ƙarshen zancen. A Emmetsburg sai da aka sake fasalin sashen dafa kara kafin aiki ya ɗan daidaita. Masana sun iya kwance sarƙar sukari, abin da ya gagara shi ne kawo kara mai tsabta, iri ɗaya, da araha, kowace safiya.

To, Kuɗin Ya Tafi A Banza Ke Nan?

Wani sashe ya tafi, babu shakka, musamman inda aka yi gaggawar gina babbar matata tun ba a gwada hanyar sosai a ƙarama ba. Amma ba duka ba. Kwangilar enzayim ta 2000 ta sa tsadarsa ta ragu wajen ninki 20 zuwa 30 a gwajin ɗakin bincike cikin shekara biyar. Yistin da muka sani ba ya iya cin sukari na biyu da yake cikin kara, amma a cikin shekarun 1990 wata masaniya mai suna Nancy Ho ta Jami'ar Purdue ta samar da yisti mai cin duka biyun. Wannan ilimi bai rufe tare da matatun ba, yana nan a rubuce ga duk ƙasar da take so.

Matatar DuPont ma ba ta zama kufai ba. A 2018 wani kamfanin Jamus mai suna Verbio ya saye ta, ya sauya mata aiki. Maimakon etanol, sai aka koma tsima kara a cikin manyan tankuna ya ruɓe ya fid da iskar gas, hanyar da ta fi haƙuri da datti. Ragowar da ta fito daga tankunan kuma ana mai da ita gona a matsayin taki.

Abu mafi amfani ga manomi kuwa ya fito ne daga masanan Ma'aikatar Gona ta Amurka. Da aka fara zancen kwashe kara, sai aka ba su kuɗi su auna ko nawa za a iya ɗiba ba tare da an cuci gona ba. A 2007 suka ba da rahoto cewa karan da ƙasa take bukata domin ta riƙe ƙarfinta ya fi wanda take bukata domin hana zaizaya yawa. Ma'ana, ko da ruwa da iska ba su kwashe ƙasarka ba, in kana share kara ƙaf kowace shekara, a hankali gonar za ta tsufa, ta daina riƙe ruwa, takin zamani ya daina yi mata aiki yadda ya kamata. Shi ya sa POET ya ce zai ɗebi wajen rubu'in karan kaɗai, ya bar kashi uku a gona. Masanan da suka fita neman man mota sun komo da shaidar cewa kara abincin ƙasa ne.

Yadda Birazil Ta Yi

Akwai ƙasar da man tsiro ya zauna da gindinsa, ita ce Birazil, kuma dalilin zamansa yana ƙara haska abin da ya kayar da na Amurka. A watan Nuwamba 1975 Gwamnatin Birazil ta kafa shirin yin etanol daga rake. Ta ba masu matatu rance mai sauƙi, cibiyoyin bincikenta kuma suka gyara injunan mota. A 1979 aka fito da mota ta farko mai shan etanol zalla, Fiat 147. Shirin ya yi tuntuɓe wajen 1989, sa'ad da sukari ya yi tsada, masu matatu suka koma yinsa, etanol ya yi ƙaranci a gidajen mai. Amma a 2003 aka fito da motoci masu shan fetur ko etanol ko gaurayensu, kasuwa ta sake tashi.

Abin lura shi ne, rake dama sai an kai shi matata domin a matse ruwansa. Tuƙar da ta saura tana nan a wuri ɗaya, ba a biya kuɗin mota dabam domin a tattaro ta ba. Da ita ake tafasa ruwan matata, a yi wutar lantarki, har a sayar da ragowar wutar. Ruwan da ya saura bayan tace etanol kuma a mai da shi gonar rake. A kan wannan tushe ne kamfanin Raízen ya buɗe wata babbar matatar yin etanol daga tuƙa da ganyen rake a garin Guariba a 2024, ta amfani da irin enzayim da yistin da aka sha wahalar samarwa. Inda ragowar amfanin gona ta riga ta taru da kanta, rabin aiki ya ƙare.

Mu Fa?

Zancen man tsiro ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar gauraya etanol kashi 10 cikin 100 a fetur, aka sa ido a kan rogo da rake. Tun da yake fetur ya yi tsada, ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya iso ƙauye da mota yana neman sayen kara, ko hayar fili, da sunan matata. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abubuwan da ya kamata mu riƙe.

Manomin Ayowa yana samun wajen tan 5 na masara a eka, watau buhu 50 masu kilo 100, karan kuwa kusan nauyinsa ɗaya da ƙwayar. In ya sayar da tan ɗaya, ya bar mai yawa a gona. A Nijeriya matsakaicin abin da eka take bayarwa bai kai buhu 10 ba. In aka ɗebi tan ɗaya daga irin wannan eka, kusan an share ta ke nan.

Bugu da ƙari, karanmu yana da masu jiransa. Shanu da tumaki suna cinsa daga kaka har faɗuwar ruwa, su bar mana kashi a gona. Da karan dawa muke yin danni da gado da jinkar ɗaki. Mata suna girki da shi inda itace ya ƙare, su kuma tace tokar miya. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa kuɗi ce a kasuwa. Wanda ya ce da kai kara shara ne, bai taɓa kwana a ƙauye cikin watan Afrilu ba. Mu ma da laifinmu, gama manomin da ya tara kara ya cinna masa wuta lokacin sharar gona ya ƙona abin da waɗansu suka gina matatar dala miliyan 275 domin su samu. Gara a bar shi a shimfiɗe ya rufe ƙasa, ko a zuba shi a ramin taki tare da kashin dabbobi.

In Gwamnatinmu za ta sa kuɗin jama'a a wannan bincike, labarin nan ya nuna inda ya kamata a fara. A fara da abin da ya riga ya taru wuri ɗaya yana damun mutane: buntun shinkafa a injunan casa, ɓawon rogo inda ake yin gari, tuƙar rake a kamfanonin sukari kamar na Numan, da kashin dabbobi a mayanka da kasuwannin shanu. A duba takanɗa, wadda kakanninmu suke shukawa tun da daɗewa, gama tana ba da ƙwaya da ruwan zaƙi da abincin dabbobi a shuka ɗaya. A gwada ƙarami kafin a gina babba. A kuma sa masanan ƙasa, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su auna mana ko kara nawa gonakinmu za su iya rabuwa da shi, tun kafin a aza tubali ɗaya.

In kuwa mai sayen kara ya riga masana isowa, kada kowa ya sa hannu a takarda shi kaɗai. A kira taron ƙungiyar manoma, tare da mata da makiyaya, gama su ne za su fara jin rashin kara. A yi wa baƙon waɗannan tambayoyi:

1. Kashi nawa na karan za ka ɗiba, nawa za ka bari a gona?

2. Kuɗin da za ka biya zai isa sayen takin da zai maye gurbin abin da aka kwashe, da abincin dabbobi na rani?

3. Wa zai biya ɗauri da dako, wa kuma zai ɗauki asara in ruwa ko wuta ta lalata ajiya?

4. Ragowar da ta fito daga matata za ta komo gonakinmu?

5. In matata ta rufe bayan shekara biyu ko biyar, kamar na Kansas da Ayowa, me zai sami yarjejeniyarmu da filayenmu?

Mai niyyar kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai zauna ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ku rubuta amsoshinsa a littafin ƙungiya, ku nuna wa malamin gona na yankinku kafin ku yanke shawara.